Gadar Baltimore: Wa Ya Ci Bashin, Wa Ya Biya?

Safiyar Talata, 26 ga Maris 2024, muna tsakiyar azumi, ina zaune gaban makirfo ina jiran talla ta ƙare in koma kan shiri, sai abokin aikina ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Bidiyo ne gajere, an ɗauko shi da dare daga nesa. Ga gada doguwa da fitilunta, ga wani ƙaton jirgin ruwa yana tahowa a hankali kamar mai gudun ya tashi wani daga barci. Fitilun jirgin suka ɗauke, suka dawo, suka sake ɗaukewa. Sannan ya daki ginshiƙi ɗaya, gadar kuwa ta naɗe ta zube cikin ruwa kafin mutum ya shanye kofin shayi ɗaya. Na karanta labarin yadda ya zo mana: gadar Francis Scott Key da ke Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka, ta rushe bayan wani jirgin dakon kaya mai suna Dali ya buge ta.

Da muka buɗe layi, wani dattijo da ke yawan kiranmu, tsohon direban babbar mota da ya sha hanyar Kwatano, ya ce mini, "Ɗana, kar ka wahalar da kanka da tambaya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dubi Amurka da duk kuɗinta da injiniyoyinta." Na ce, "Haka ne, Baba," na wuce ga mai kira na gaba, domin a rediyo agogo ne sarki. Amma maganar ta zauna mini a rai, saboda ita na riƙa bibiyar duk abin da masu bincike suka fitar daga baya. Abin da minti ɗaya bai ishe ni in faɗa masa ba shi nake so in rubuta a nan.

Ga yadda abin ya kasance. Dali tsawonsa mita 300 ne, yana ɗauke da kwantena wajen 4,700, ya nufi Kolombo ta ƙasar Siri Lanka. Ƙananan jiragen da suka janyo shi daga tasha sun sake shi tun kafin ya kai gadar, kamar yadda aka saba a wurin. Da misalin ƙarfe 1:25 na dare wutar jirgin ta ɗauke, injin ya mutu. Jirgi irin wannan ba shi da birki, in injin ya tsaya nauyinsa ne ke ci gaba da tafiya da shi. Ƙarfe 1:29 ya bugi ginshiƙin yana gudun da bai wuce kilomita 12 a awa ba, gudun mai keken da ba ya sauri. A cikin waɗannan mintuna huɗu, jagoran tasha da ke cikin jirgin ya yi kiran gaggawa, saƙon ya kai ga ƴan sandan gada, suka tare motoci ta gaba da ta baya. Wannan ya ceci rayuka da dama. Sai dai a saman gadar akwai mutum takwas da ke aikin cike ramukan titi cikin dare, kuma su babu wanda ya sanar da su. Shida suka mutu, dukansu ƴan ci-rani daga Meziko da Gwatamala da Honduras da El Salbado.

A watan Nuwamba 2025 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta faɗi abin da ya kashe wutar: wata ƴar waya ce guda ɗaya da ba ta zauna daidai a mazauninta ba, cikin dubban wayoyin da ke jirgin. In Baba ya ji wannan zai ce na ba shi gaskiya. Waya ɗaya! Wa zai iya tsare wannan? Ni ma na yarda cewa babu mai iya yi wa duniya alkawarin waya ba za ta taɓa kwancewa ba. Tambayata tana wani wurin. Tunda kowa ya san wata rana wani jirgi zai lalace a gaban wata gada, me aka tanada wa wannan rana? In kuwa ba a tanadi komai ba, akwai laifi a kan wanda bai kashe kuɗi ba don tare abin da bai riga ya faru ba?

Ba za a ce ba a sani ba. A ranar 9 ga Mayu 1980, a jihar Florida, jirgin Summit Venture ya bugi gadar Sunshine Skyway cikin hadari da safe. Mutum 35 suka mutu, 26 daga cikinsu a motar safa ɗaya. Ƴan watanni bayan haka, a watan Agusta na shekarar, ita kanta gadar Baltimore wani jirgi mai suna Blue Nagoya ya buge ta bayan wutarsa ta ɗauke. Katangar kariyar da ke jikin ginshiƙin ta farfashe, gadar ta tsaya. To amma tsawon Blue Nagoya bai kai rabin na Dali ba. Ina jin wannan tsirar ta yi wa gadar illa ta wata fuska, domin ta bar wa mutane shaidar ƙarya, cewa an gwada ta kuma ta ci jarrabawa. Gadar da aka buɗe a 1977 tana nan yadda take, jiragen da ke ratsa ƙarƙashinta kuwa kullum ƙara ƙiba suke yi. An faɗaɗa mashigin Panama a 2016, ita ma tashar Baltimore ta zurfafa wurin tsayawar jirage ta kafa manyan injinan ɗaga kaya don ta karɓi waɗannan ƙattin. Kuɗin kiran babban baƙo an same su. Ƙofar da zai shigo ta cikinta ce aka bari yadda take.

Bayan abin da ya faru a Florida, ƙungiyar jami'an hanyoyi ta jihohin Amurka ta fitar da ƙa'ida a 1991 kan yadda za a auna haɗarin jirgi ya rushe gada, ta kuma ba da shawarar a auna har tsofaffin gadoji. Ga gada mai muhimmanci, iyakar haɗarin da aka amince da shi ɗaya ne cikin 10,000 a shekara. A watan Maris 2025 shugabar NTSB, Jennifer Homendy, ta bayyana cewa hukumar da ke riƙe da gadar Baltimore ba ta taɓa yin wannan awo ba. Da masu bincike suka yi shi da kansu, sai suka tarar haɗarin ya ninka iyakar kusan sau 30. Suka kuma lissafa wasu gadoji 68 a jihohi 19 da su ma ba a san matsayinsu ba.

A nan na ɗauki biro na yi ɗan lissafin kaina, kuma shi ya sa na daina ganin lamarin a matsayin labarin mugaye. Ninki 30 na ɗaya cikin 10,000 ya kama kamar ɗaya cikin 330 a shekara. Ka ɗauka kai ne gwamna, wa'adinka shekara huɗu. Yiwuwar gadar ta faɗi a hannunka ɗaya ce da ɗan ɗori cikin 100. Wato sau 99 cikin 100, in ka kau da kai, babu abin da zai same ka. In kuwa ka zuba miliyoyi cikin ruwa ka gina turakun siminti, me za ka nuna wa masu zaɓe? Ba a yanka kyalle don haɗarin da bai auku ba. Babu uwar da za ta zo ta yi maka godiya cewa ɗanta bai nutse ba, don ita kanta ba ta san an cece shi ba. Amma ka ɗauki wannan lissafin ka shimfiɗa shi a kan shekara 50, sai ya koma kusan ɗaya cikin bakwai. Kowane mai mulki, shi kaɗai, yana da hujjar da za a saurara. In aka jera su gaba ɗaya, caca suka yi da gadar, kowa ya jefa nasa ya tashi ya bar wa na bayansa.

Mun san irin wannan a ƙananan wurare. A gidan rediyon da na fara aiki akwai wani mai gyaran na'ura da ya shekara uku yana roƙon a sayi batiran ajiya. Duk wata sai a ce masa ai ba mu taɓa ɗaukewa ba. Dalilin da ya sa ba mu taɓa ɗaukewa ba shi ne shi ɗin, yana kwana yana lallaɓa tsofaffin. Bai taɓa samun ko sannu ba, sai ranar da muka yi shiru na awa shida aka tuna da sunansa.

Muna cewa rigakafi ya fi magani, kuma in aka dubi kuɗi kawai kamar babu gardama. Ba nisa da Baltimore akwai gadar Delaware Memorial, inda a 2023 aka fara gina manyan turakun kariya guda takwas a cikin ruwa, kowane ɗaya kamar rumbun ƙarfe cike da dutse da yashi, don jirgi ya daki turke kafin ya kai ga ginshiƙi. Kuɗin aikin wajen dala miliyan 93. Ita kuwa sabuwar gadar Baltimore da farko an ce za ta ci dala biliyan 1.7 zuwa 1.9, daga baya a Nuwamba 2025 aka ce biliyan 4.3 zuwa 5.2, kuma ba za a buɗe ta ba sai ƙarshen 2030. Ba a sa kuɗin kwashe tarkace wajen tan 50,000 daga ruwa ba. Ba a sa makonni goma sha ɗaya da babbar hanyar jiragen ta yi kafin a buɗe ta gaba ɗaya ranar 10 ga Yuni 2024 ba, a tashar da a lokacin ta fi kowace a Amurka shige da ficen motoci. Ba a sa motoci sama da 30,000 da ke hawa gadar kullum, waɗanda yanzu sai sun yi zagaye, ba.

Duk da haka ba zan yi wa mai karatu wayo ba, akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma na daɗe ina juya ta. Wannan kwatancen da na yi, ihu ne bayan hari. Yau mun san gadar da ta faɗi, shi ya sa miliyan 93 ke kama da araha. Kafin ta faɗi ba gada ɗaya ce a gaban mai kasafi ba, gadoji ne da yawa, kowace da nata ginshiƙan a cikin ruwa. Wani rahoton ƙungiyar duniya ta masana hanyoyin ruwa ya ƙirga manyan gadoji 35 da jirage suka rushe a faɗin duniya tsakanin 1960 da 2015, mutum 342 suka mutu. A Amurka kaɗai, haɗarin mota yana kashe wajen mutum 40,000 a shekara. Wato abin da jirage suka kashe a gadojin duniya cikin shekara 55, titunan Amurka suna cinye shi a kwana uku ko huɗu. In kana da dala miliyan 93 kuma rai kake so ka ceta, mai hankali zai iya ce maka ka gyara mararrabar da ake mutuwa duk mako, ka bar ginshiƙin da wataƙila ba za a taɓa shi ba har jikokinka su tsufa. Wannan mutumin ba azzalumi ba ne. Kuɗin da aka zuba a nan an hana wani wurin ne, kuma wanda ya mutu a mararrabar shi ma ɗan wani ne, bidiyonsa ne kawai bai zagaya duniya ba. Ƙari a kan haka, ministan sufurin Amurka na lokacin, Pete Buttigieg, ya ce shi bai san gadar da aka gina don ta jure bugun jirgi mai wannan girman kai tsaye ba.

Akwai ma wani lissafin da ya fi wannan ɗaci. Ma'aikatar sufurin Amurka tana da adadin da take sawa a madadin rai ɗaya idan tana auna ko wani aikin kariya ya cancanci kuɗinsa, kuma a ƴan shekarun nan adadin ya haura dala miliyan 13. Ba wai farashin wani mutum ba ne, ma'auni ne na abin da jama'a ke yarda su biya don a rage haɗari. To ninka shi sau shida, ka samu miliyan 78 ko sama da haka kaɗan. Bai kai kuɗin turakun Delaware ba. A takarda, ran mutanen nan shida kaɗai ba zai sa a gina kariyar ba, ƙarfen gadar da cinikin tashar su ne ke rinjayar da sikeli. Na san wasu za su ce haramun ne ma a sa wa rai lamba. Ni ban tafi can ba. Mu da muka tashi muna jin diyyar rai raƙuma 100 ce, mun san shari'a ma takan sa adadi inda dole ta sa, ba don rai ya zama haja ba. Bambancin da nake gani shi ne, diyya ana ƙirga ta a gaban dangin mamaci, a miƙa musu, wanda ya jawo asarar da danginsa su ji a jikinsu. Wancan adadin kuwa a ofis ake ƙirga shi tun mutum yana da rai, ba ya nan, ba a tambaye shi ba.

Saboda haka ni ban ce dole a yi wa kowace gada sulke ba. In da hukumar Maryland ta yi awon nan, ta ga ninki 30, ta fito ta ce wa jama'a, ga haɗarin, ga kuɗin maganinsa, ba mu da su bana, ga abin da za mu yi kafin mu samu, da na ce an yi hukunci mai wuya cikin gaskiya, ko da daga baya gadar ta faɗi. Wanda ya auna ya ce ba zan iya ba, ya ɗauki nauyin maganarsa, ana iya yi masa gardama, ana iya kayar da shi a zaɓe. Wanda bai auna ba ya samu abu biyu a lokaci ɗaya: bai kashe kuɗi ba, kuma bai taɓa cewa a'a ba, balle a riƙe shi da ita. Shekara 33 ke tsakanin ƙa'idar 1991 da daren da Dali ya taho. Awon aikin lissafi ne, ba ya bukatar a zuba buhun siminti ko ɗaya. Rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da hanyar sani, akwai na wanda ya san in ya buɗa takardar za ta ɗora masa aiki, sai ya bar ta a rufe. Ba na iya shiga zuciyar kowa in ce da gangan aka yi, amma na biyun ya fi kama da abin da ya faru, kuma shi ba na kiransa tsautsayi.

Abin da ya ƙara tsaya mini shi ne, da an san girman haɗarin, akwai matakan da ba su kai kuɗin turaku ba. A garin Hobart na tsibirin Tasmaniya, a Ostareliya, jirgin Lake Illawarra ya rushe wani sashe na gadar Tasman ranar 5 ga Janairu 1975. Mutum 12 suka mutu, bakwai ma'aikatan jirgin, biyar a motocin da suka faɗa ramin. Garin ya rabu biyu, tafiyar ƴan mintuna ta koma zagayen kilomita wajen 50, har sai da aka sake buɗe gadar a Oktoba 1977. Duk wanda ya zauna Yamai kafin 2011, lokacin da gadar Kennedy kaɗai ke haɗa gari da Harobanda, zai iya kwatanta abin da hakan ke nufi ga ɗalibi da ɗan kasuwa da mai naƙuda. Abin da mutanen Hobart suka koya mai sauƙi ne: har yau, in babban jirgi zai wuce ƙarƙashin gadar, ana tsayar da motoci sai ya wuce. Ƴan mintuna ne na jira. Gadar ba ta fi ƙarfin jirgi ba, amma in ta faɗi ba za ta tafi da kowa ba.

A Siwidin kuma, daren 18 ga Janairu 1980, jirgin Star Clipper ya rushe gadar Almo cikin hazo. Bugun kansa bai kashe kowa ba. Mutum takwas da suka mutu, motocinsu ne suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa inda babu gada, don babu abin da zai gaya musu. Ta gefe ɗaya wani direban babbar mota ne da ke tafiya a hankali ya lura, ya tsaya ya tare hanya. Da na karanta wannan na tuna da Baba mai kiranmu, na ce da shi ne ma haka zai yi, ba zai zauna a mota ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba. Da suka sake gina gadar, sai suka kafa ginshiƙanta a kan tudu, inda jirgi ba ya kaiwa.

A Baltimore an tsayar da motoci, kuma ƴan sandan da suka yi hakan cikin ƙasa da minti biyu sun cancanci yabo. A faifan maganarsu ta rediyo an ji ɗayansu yana cewa da zarar wani ya karɓe shi zai hau ya sanar da ma'aikatan. Bai samu zarafi ba. Masu bincike sun ce da an sanar da ma'aikatan a lokacin da aka sanar da ƴan sanda, da suna da fiye da minti ɗaya, wanda zai iya isarsu su kai sashen da bai faɗi ba. Ba turken miliyoyi ya raba su da rayuwa ba, tsari ne na wa zai kira wa in abu ya taso. Irin wannan tsarin sai wanda ya zauna ya yarda cewa gadar tana iya faɗuwa yake yin sa. Rashin awon nan bai tsaya a takarda ba, ya bi ta kan komai har ya iso kan mutum shida da ke zaune cikin motocinsu lokacin hutu.

Sai batun wa zai biya. Muna cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan bakin wani aka nufa. Kwana shida da rushewar, kamfanin Grace Ocean mai jirgin da kamfanin Synergy Marine mai tafiyar da shi, dukansu na Singafo, suka shigar da takarda kotu suna neman a taƙaita abin da za a iya bin su zuwa dala miliyan 43 da ɗori. Sun dogara da wata dokar Amurka ta 1851, wadda ke ba mai jirgi damar ya ce kada a bi shi fiye da darajar jirgin da kuɗin dakonsa bayan haɗari, muddin ba da saninsa aka yi sakacin ba. Da ita masu Titanic suka kare kansu. An yi dokar ne a zamanin jiragen katako, don kada tsoron asara ya hana mutane fita fatauci a teku, kuma a lokacin tana da ma'ana. A Oktoba 2024 kamfanonin sun yarda su biya gwamnatin tarayya wajen dala miliyan 102 na aikin share ruwa. A Disamba na shekarar majalisar dokokin Amurka ta amince gwamnatin tarayya ta ɗauki kuɗin sake ginin gaba ɗaya, da fatan a karɓo wani abu daga inshora da shari'a. Ma'ana, mai biyan haraji a jihar da ko teku ba ta da shi zai sa hannu a aljihu.

Ka duba jerin waɗanda suka amfana da shekarun da ba a kashe kuɗin ba. Masu jirage sun yi dako da manyan jirage ba tare da biyan jiragen rakiya har bayan gada ba. Masu kaya sun samu araha. Masu mulki sun yi kasafi ba tare da wannan nauyin ba. Masu hawa gadar ma ba a ƙara musu kuɗin wucewa saboda kariya ba, mu faɗi gaskiya, jama'a na cikin masu cin bashin. Sannan ka duba waɗanda aka aika wa takardar biya. Ma'aikatan jirgin 21, Indiyawa 20 da ɗan Siri Lanka ɗaya, sun yi makonni a cikin jirgin da ƙarfen gada a kan goshinsa, ba su sauka ba. Ƴan dakon tasha sun zauna babu aiki. Mutum shida da suka baro ƙasashensu don su cike ramukan titin wata ƙasa da tsakar dare sun biya da abin da ba a mayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin da aka ce an yi tattalinsu ba su ɓace ba, suna nan suna taruwa kamar bashi mai ruwa, kuma ba wanda ya sa hannu a takardar aka kama ba.

Wannan ne ya sa amsar Baba ba ta ishe ni ba, duk da ban musa ƙaddara ba. Cewa ajali ya yi magana ce da ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa mutuwa, kuma a bakinsa tana da kyau. In ta fito daga bakin wanda aka ba amanar gadar, ta zama wani abu daban. Shi ba a tambaye shi yaushe ajalin wani zai yi ba, an tambaye shi ko ya duba ginshiƙin. Baba da kansa, shekarun da ya yi yana hawa da sauka da kaya, ban yi tsammanin ya taɓa barin tasha bai zagaya motarsa ya daddaki tayoyi ba.

Sabuwar gadar da ake ginawa za ta fi tsohuwar tsayi, tazarar da ke tsakanin manyan ginshiƙanta za ta tashi daga mita 366 zuwa wajen mita 500, kuma hukumar ta ce kariyar ginshiƙan na cikin abin da ya sa kuɗin suka yi tsalle. An samu kuɗin ke nan. Gawar ƙarshe daga cikin shidan sai ranar 7 ga Mayu 2024 masu ninƙaya suka ciro ta daga cikin tarkacen, mako shida cif bayan daren.